Yadda ake ɗauke aikin montaj da ba a gama ba daga tsohuwar Premiere zuwa sabuwa

Duk wanda ya daɗe yana montaj, wato yanka da haɗa bidiyo, a nan Garwa ya san wannan rana. Ko dai an kawo sabuwar kwamfuta daga Duwala, ko kuma wani abokin sana'a ya turo maka foroje, wato fayil ɗin aikin, daga Marwa ka danna ya ƙi buɗuwa, wai manhajarka ta tsufa. Ka ƙudura komawa sabuwar Premiere, manhajar montaj ta kamfanin Adobe, ga shi kuma a cikin diski akwai bikin aure biyu da aka yanka rabi, da saukar Alƙur'ani, da fantaziyar sallah da mai ita ke bugo waya safe da yamma. Na sha yin wannan ƙaura tun ina kan Premiere CS6, wadda ta fito a 2012, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan da asara na koye shi.

Abu biyu za ka riƙe a ka, sauran duk aikin hannu ne. Na farko, fayil ɗin foroje, wannan mai ƙarewa da .prproj, babu bidiyo ko ɗaya a cikinsa. Takardar umarni ce kawai: ɗauko hoto kaza daga dosiye kaza, yanka daga nan zuwa nan, ɗora kiɗa kaza. Shi ya sa za ka ga nauyinsa bai taka kara ya karya ba, alhali bidiyon ya cika diski. Na biyu, hanyar ta tafiya ce babu dawowa. Sabuwar manhaja tana buɗe aikin tsohuwa, amma tsohuwa ba ta buɗe abin da sabuwa ta adana.

Saboda haka ka fara tambayar kanka ko aikin ma yana buƙatar ƙaura. Idan abin da ya rage bai wuce sa suna da daidaita murya ba, aikin yini biyu, to ka ƙarasa shi a inda ka fara. Wanda ake ɗauka shi ne mai sauran tafiya, ko wanda dole sai ka miƙa wa wani mai sabuwar manhaja.

Kayan da za ka tanada

- Diski na waje, wanda sararinsa ya fi nauyin aikin da kamar rabi. In da hali biyu. Kyamarar AVCHD tana cin kusan giga 11 a awa ɗaya, to ka lissafa bikin kwana uku da kyamara biyu.
- Diskin ya kasance NTFS ne ko exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura giga 4, kuma yawancin ƙananan kile na USB na kasuwa da shi suke zuwa. In aikin zai ratsa tsakanin Windows da Mac, exFAT ne zai yi maka.
- Tsohuwar manhajar tana nan daram a kan kwamfuta, tana buɗuwa.
- Ondiler, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in ta ɗauke, mai batir mai rai. In babu, a yi kwafin da laftof mai cikakken caji.
- Ƙananan manhajoji uku na kyauta: MediaInfo don sanin cikin fayil, Shutter Encoder don sauya shi, VLC don kallo.
- Littafi da biro, da wayarka don ɗaukar hoton allo.

Sai ita kanta kwamfutar. Tun daga CC 2019 Premiere ta daina hawa Windows 7, sai 10 zuwa sama. Daga fitowar 2024 kuma tana neman furosesa mai abin da ake kira AVX2, wanda tsofaffin Core i5 da i7 na ƙarni na biyu da na uku ba su da shi, kuma irinsu ne suka cika shagunan kwamfutocin gwanjo. RAM giga 8 shi ne mafi ƙaranci, amma in ba ka son hawan jini ka nemi 16. Ka duba wannan tun kafin ka ƙona kuɗin intanet wajen sauke abin da ba zai hau ba.

Mataki na 1: Rubuta abin da ke cikin aikin

Buɗe aikin a tsohuwar manhaja. Shiga Help, ko Aide in taka ta Faransanci ce, ka duba lambar fitowarta ka rubuta. Sannan ga kowane sekans, wato layin da ka jera yankan bidiyo a kai, ka rubuta faɗi da tsayinsa, misali 1920 da 1080, da yawan hoto a daƙiƙa, wanda a ƙasarmu 25 ne galibi, da tsawonsa daidai har zuwa hoto na ƙarshe. Kada ka rubuta "kamar minti arba'in". Rubuta 00:41:17:09 yadda yake.

Bi layin aikin daga farko zuwa ƙarshe kana lura da abubuwa uku: salon haruffan da ka yi rubutu da su, kwalliyar da ba ta Premiere ba ce ka saka ta daga waje, da duk wani yanki da ya fito daga After Effects, manhajar Adobe ta kwalliyar bidiyo. Ɗauki hoton allon da waya, musamman wuraren da layuka suka hau kan juna. Mutane suna raina wannan mataki, amma ranar da sabuwar manhaja ta ce maka wani abu ya ɓata, wannan littafin ne zai gaya maka mene ne.

Mataki na 2: Fitar da shaida

Kafin ka taɓa komai, fitar da sekans ɗin gaba ɗaya yadda yake, da gurabensa da ba a cike ba, a H.264, tsarin matse bidiyo da aka saba. Ba sai ya yi kyau sosai ba, amma girmansa da yawan hotonsa su zama daidai da na sekans. Ni shaida nake kiransa, don shi zai tsaya maka idan ido ya fara gardama da ƙwaƙwalwa a kan ko launin rigar amarya haka yake a da.

Ka ƙara da abu biyu. Fitar da murya ita kaɗai a WAV. Sannan ka shiga File, Export, ka zaɓi Final Cut Pro XML ka adana. Wannan XML ɗin jerin yanka ne da manhajoji da yawa ke iya karantawa, kuma shi ne ƙofar baya in ta gaba ta rufe.

Mataki na 3: Gasa abin da ba zai iya tafiya ba

Akwai abubuwan da na san ba sa isa lafiya, don haka tun a gida nake mayar da su bidiyo tsantsa.

Yankin After Effects da ke haɗe kai tsaye da Premiere yana aiki ne idan su biyun 'yan shekara ɗaya ne. Ka sabunta ɗaya ka bar ɗaya, haɗin ya tsinke. Haka kwalliyar waje: furannin nan masu zubowa da zoben aure mai juyawa da ake saye ko ake karɓa a wurin abokai, sau da yawa an yi su ne don wata fitowa takamaimai. Hoton da ka daidaita rawarsa da Warp Stabilizer shi ma wani lokaci sai ya nemi a sake nazarinsa daga farko, kuma in guda talatin ne ka san yinin ya tafi.

Duk irin waɗannan, fitar da kowanne shi kaɗai a ProRes ko DNxHD, tsarin bidiyo masu riƙe inganci, ka shigo da shi ka ɗora a layin da ke saman na asalin. Kada ka goge na asalin, kashe shi kawai. A sababbin fitowa akwai Render and Replace da ke yin wannan da dannawa ɗaya. Ka sani dai ProRes 422 yana cin kusan giga 55 a awa, saboda haka gajerun wurare ake yi wa, ba fim ɗin duka ba.

Mataki na 4: Tattara komai wuri ɗaya

Idan kai mai tsari ne, kowane aiki da dosiyensa, bidiyo da kiɗa da hotuna duk a ciki, to ka huta: kwafe dosiyen dungurungum zuwa diski na waje. Wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita.

Amma mu faɗi gaskiya, yawancinmu ba haka muke ba. Kiɗan yana cikin Téléchargements, hoton ango da aka turo ta WhatsApp yana kan Bureau, tambarin shago yana cikin aikin bara. A nan ne Project Manager ke da amfani, yana ƙarƙashin File, a CS6 kuma ƙarƙashin Project. Zaɓi duk sekans ɗin, sannan ka zaɓi Collect Files and Copy to New Location, ka nuna masa diski na waje. Akwai wani ɗan akwati, Exclude Unused Clips, wanda ke zubar da duk hoton da ba ka sa a layi ba. Cire masa alama. Aikinka bai ƙare ba, kuma hotunan da ba ka taɓa ba su ne za ka nema gobe. Na ga wanda ya bar alamar, ya isa sabuwar kwamfuta ya tarar da ɗaurin aure da kamu, amma walimar da bai fara yankawa ba babu ita. Danna Calculate ka ga nauyin kafin ka ce ya fara.

Abin da Project Manager ba zai kwaso maka ba sai ka bi da hannu. Salon haruffa suna cikin C:\Windows\Fonts, ka kwafi waɗanda ka rubuta a littafi zuwa wani ƙaramin dosiye cikin aikin. Haka fayilolin launi masu ƙarewa da .cube, da saitunan da ka adana wa kanka. Ka haɗa da dosiyen Auto-Save, da shaidar nan da XML.

Dosiyen katin kyamara kuwa a bar shi yadda ya fito, PRIVATE da AVCHD da BDMV da STREAM, kowane kati a ɗakinsa mai sunansa. Dalilin yana zuwa a mataki na 7.

Gargaɗi a kan kwafin kansa: Copier ake yi, ba Couper ba. In wuta ta ɗauke a tsakiyar Couper, wani fayil zai iya zama ba ya nan ba ya can. Sa diskin a ramin USB mai shuɗin harshe. Giga 200 a can kamar minti arba'in ne, a tsohon rami baƙi kuwa kusan awa biyu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ni da asuba nake wannan aiki ko bayan isha'i, diskin a kan tayil ba a kan katifa ko kujera ba, fanka na kaɗa shi. In ka taɓa ka ji ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, dakata ya huce.

Mataki na 5: Gwada kwafin a tsohuwar manhaja

Kada ka yarda da kwafi don kawai sandar ta cika. Danna dama a kan dosiyen asali da na kwafi, ka gwada nauyinsu da yawan fayilolinsu. Sannan ka ɓoye na asalin na ɗan lokaci: cire diskin da yake ciki, ko ka ƙara harafi ɗaya a sunan dosiyen. Yanzu buɗe foroje na kwafin a tsohuwar manhaja. In ya buɗe babu jan allon da ke nuna ba a ga wani bidiyo ba, kwafinka cikakke ne. In ya nemi wani fayil, to ga abin da aka manta nan, nemo shi tun kana kusa. Ka tuna ka mayar wa dosiyen asali sunansa.

In ba ka ɓoye na asali ba, kwafin zai iya ci gaba da jan bidiyo daga tsohon wuri ba ka sani ba, ka ɗauka komai lafiya sai ka isa wata kwamfutar.

Daga nan na asalin ya zama amana, ba a ƙara taɓa shi. A kan kwafi za a yi duk abin da ya rage.

Mataki na 6: Saka sabuwa ba tare da korar tsohuwa ba

Tun 2013 Adobe ta daina sayar da Premiere saye ɗaya, ta koma kuɗin wata-wata ta Creative Cloud. Idan ta can kake sabuntawa, kafin ka danna ka buɗe ƙarin zaɓuɓɓuka ka cire alamar da ke kan Remove old versions. In ka bari, za ta share tsohuwar, kuma ba lalle ka sake samunta ba, don fitowa biyu na baya-bayan nan kawai suke ajiyewa a wurin saukewa. Premiere biyu ko uku suna zama a kwamfuta ɗaya ba faɗa.

Masu CS6 su ƙara riƙe ta da kyau saboda wani dalilin: Encore, wadda ake haɗa faifan DVD mai menu da ita, daga CS6 ba a sake yin wata ba. Har yanzu akwai dattawan da in ba ka miƙa musu faifai a cikin kwali ba, a wurinsu ba ka yi aiki ba.

Ita kuwa manhajar da ake saka wa mutum a bakin kasuwa a kan kile, ba zan ce ban san ana yi ba. Abin da zan ce shi ne kada kile ɗin da ya zaga kwamfuta hamsin ya kusanci diskin da amanar mutane ke ciki. In kuɗin wata ya fi ƙarfinka, akwai hanya ta halal da zan kawo can ƙasa.

Saka salon haruffan da ka kwaso tun kafin ka buɗe aikin. Tsofaffin nan da ake kira Type 1, Adobe ta daina karɓarsu tun Janairun 2023, sai ka nemi makamancinsu.

Mataki na 7: Buɗewa da haɗa hotuna

Da zarar Premiere biyu suna kan kwamfuta, daina buɗe foroje da danna shi sau biyu, don sabuwar ce za ta riƙa cafkewa. Buɗe manhajar da kake so tukuna, ka ɗauko aikin daga cikinta.

Sabuwar za ta ce aikin na tsohuwar fitowa ne, sai an juya shi, ta kuma nemi sunan da za ta sa wa sabon fayil. Ba ta taɓa tsohon, sabo take yi a gefensa. Ita takan ƙara _1 ne kawai a sunan, wanda bayan wata ɗaya ba za ka tuna ma'anarsa ba. Ba shi suna mai magana, kamar biki_yelwa_sabuwa2024.

In ta tsaya cik ko ta rufe kanta a tsakiyar juyawa, kada ka yi ta maimaitawa. Buɗe sabon foroje fanko, ka shiga File, Import, ka nuna tsohon .prproj, ka ce sekans ɗaya kake so. Shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kayar da manhajar shi ne mai ciwon, kuma galibi wata kwalliyar waje ce a cikinsa. Koma tsohuwa ka cire ta ko ka gasa ta, ka sake gwadawa.

Sai jan allon nan mai rubutu da harsuna da yawa, Média hors ligne. Kada gabanka ya faɗi, ba a rasa komai ba, adireshi ne ya canza. Sau da yawa ma harafin diski ne: a tsohuwar kwamfuta E ne, a nan ya zama F. Kana iya mayar masa da harafinsa a Gestion des disques, ko ka bi ta akwatin Link Media, ka danna Locate, ka nuna fayil ɗaya, sauran da ke kusa da shi su bi.

A nan ne nake so ka rage gudu. Kyamarorin AVCHD, duk lokacin da aka goge kati, sukan koma ƙirga daga 00000.MTS. Ma'ana kowane biki da ka taɓa ɗauka yana da 00000 da 00001 da 00002 nasa. Wata shekara bayan babbar sallah na bar wa yaron shagona haɗa wani aiki na fita sallar la'asar. Da na dawo ya tarbe ni da murna: "Maigida, duk ja ya tafi, na gama." Na zauna na danna. Ga sunan ango da amarya ya fito da kyau, ga kiɗa ya tashi, sai ga wata amarya dabam ta wata unguwa tana shigowa, a yanke daidai yadda na yanka wa ta farko. Ya nuna wa manhajar dosiyen wani bikin, sunaye suka dace, ita kuma ta haɗa sauran da kanta. Allah ya rufa asiri ban fitar ba. Da wannan faifan ya shiga gidan mutane, ban san da bakin da zan yi wa Alhajin bayani ba.

Saboda haka idan sunaye suna maimaita kansu, cire alamar Relink others automatically, ka haɗa kati-kati. Akwatin yana nuna maka tsohon adireshin kowane fayil, karanta shi. Kafin ka amince, dubi ɗan hoton da ke gefe ka tabbata fuskokin na wannan bikin ne.

Mataki na 8: Bar ta ta huta, sannan ka gwada da shaida

Bayan haɗawa za ka ga wata 'yar sanda tana tafiya a ƙasan allo ta dama. Manhajar tana sake gina fayilolin murya ne. Kafin ta gama, wani hoton zai zo babu sauti ko babu zanen igiyar murya. Je ka sha shayi. Jan layi ko rawaya a saman sekans shi ma ba matsala ba ne, randar da ka yi a tsohuwa ce, wato hoton duba da manhajar ta haɗa maka, ba ta biyo ba, sai an sake.

In ta natsu, duba tsawon sekans da abin da ke littafinka. Dole su zo daidai har hoto na ƙarshe. Sannan ka shigo da shaida ka ɗora ta a layi na can sama, daga farkon sekans, ka shiga Opacity ka mayar da Blend Mode zuwa Difference. Duk inda tsoho da sabo suka yi daidai allon zai yi baƙi. Inda wani abu ya motsa ko launi ya canza, zai haska. Ɗan ƙyalli-ƙyalli a gefen abubuwa ba komai ba ne, matsewar H.264 ce. Ja kan layin a hankali daga farko zuwa ƙarshe kana sa alama a duk inda ya haska. In ka gama ka tuna ka cire shaidar. Na taɓa mantawa na fitar da minti arba'in na baƙin allo.

Mataki na 9: Gyaran abin da ya karye

*Rubutu.* Shi ya fi ba da wahala. Tsohon wurin rubuta suna, wanda daga baya aka riƙa kira Legacy Title, an cire shi a fitowar 2023, kuma ana juya tsofaffin rubuce-rubuce zuwa sabon tsari. Juyin ba ya cika fita daidai: inuwa ta canza, layi ya zame, rubutu mai hawa sama ya sauya gudu. Buɗe kowanne ka karanta da idonka. Mu da muke rubuta ƙ da ɗ da ɓ, da ŋ na sunayen Fulatanci, da é na Faransanci, in salon haruffan ya ɓata aka musanya shi da wani, sai ka ga ɗan akwati a maimakon harafi. Na Larabci ya fi haɗari, don haruffa kan rabu ko su juya daga hagu. In aya ce ko addu'a a aikin sauka, kada ka dogara da kanka, kira wanda ya iya ya duba. In gyaran ya ƙi, koma tsohuwa ka fitar da rubutun a hoton PNG marar bango ka ɗora.

*Murya ta ɓace a fayilolin MTS.* Yawancinsu muryarsu Dolby AC-3 ce. Tun CC 2018 Premiere ta bar wa Windows karanta ta, kuma Windows 11 da aka saka sabuwa fil daga 24H2 ba ta zuwa da ita. Duba da MediaInfo ka tabbatar. Maganin shi ne Shutter Encoder: a bar hoton yadda yake, a mayar da muryar PCM, a fitar da sunan da fayil ɗin yake da shi a wani dosiye. Wajen haɗawa sai ka cire alamar File Extension don ta yarda da sabuwar wutsiyar.

*Tsofaffin MOV sun ƙi buɗuwa.* A 2018 Adobe ta daina karɓar tsofaffin kodek, wato hanyoyin matse bidiyo, na QuickTime 7. Kada ka je neman QuickTime ka saka, Apple ta daina kula da ta Windows tun 2016. Juya su zuwa ProRes, ka haɗa.

*Baki da murya sun rabu a bidiyon waya.* Waya ba ta riƙe gudu ɗaya, takan yi sama ta yi ƙasa. Juya fayil ɗin zuwa gudu tsayayye, ka musanya.

*Launi.* Tsofaffin kayan gyaran launi irin su Three-Way Color Corrector an tura su dosiyen Obsolete bayan zuwan Lumetri, sabon wurin gyaran launi, a 2015. In sun buɗe kuma sun dace da shaida, ƙyale su. In sun ɓata, sake yi da Lumetri kana kallon shaida a gefe. Bidiyon sababbin wayoyi masu HDR kuma yana iya fitowa dabam da yadda ka saba ganinsa, don sababbin fitowa suna sarrafa shi da kansu. In ka riga ka rage masa haske da hannu a da, sai ka tarar an rage sau biyu.

In ba Premiere za ka koma ba

DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da ta kyauta wadda ta isa aikin biki da wa'azi da talla, sai dai tana son katin hoto mai ƙarfi da RAM 16. Ba ta buɗe .prproj. XML ɗin nan na mataki na 2 za ka ba ta, ta File, Import, Timeline. Yanka da jerin hotuna da sauƙaƙan narkewa za su iso. Rubutu da launin Lumetri da yawancin kwalliya ka ɗauka sake su za ka yi.

Wanda kuma yake kan Resolve tun asali yana son hawa sabuwar fitowa, nasa ya fi buƙatar hattara. Ayyukansa duka suna zaune ne a rumbu ɗaya, kuma idan sabuwa ta ɗaukaka rumbun, tsohuwa ba za ta ƙara buɗe shi ba. Kafin ka sabunta, yi wa rumbun Backup, sannan ka fitar da kowane aiki da ba a gama ba shi kaɗai: Export Project yana ba ka .drp marar bidiyo, Export Project Archive yana haɗawa da bidiyon duka. Haka Final Cut ta Mac take yi wa laburarenta, a kwafa kafin a yarda ta sabunta.

Za ka ji ana cewa ana iya kwance .prproj da 7-Zip a canza lambar fitowa don tsohuwar Premiere ta buɗe. Gaskiya ne fayil ɗin matsattsen rubutu ne, kuma wani lokaci dabarar tana ci. Amma duk abin da sabuwa ta ƙara wanda tsohuwa ba ta sani ba zai zube ko ya kayar da ita. Na yi sau biyu cikin matsuwa, a kan kwafi, ban kuma ba kowa shawarar ya gina aikin kuɗi a kai ba.

Mataki na 10: Gwajin fitarwa, da ranar share tsohuwa

Kafin ka ci gaba da yanka, zaɓi minti biyu daga wuri mafi cunkoso, inda rubutu da kiɗa da kwalliya suka haɗu, ka fitar. Kalla a VLC, tura wa wayarka, in da hali sa a kile ka gwada a talabijin irin wadda ke falon masu aikin. Sannan ka shiga saitin Auto Save ka mayar da shi kowane minti 5, don sabuwar manhaja ba ta san halin wutarmu ba.

Fara da aiki ɗaya, mafi ƙanƙanta, ka kai shi har ƙarshe a sabuwar kafin ka ɗauko na biyu. Tsohuwar manhaja da dosiyen asali kuwa suna nan har sai mai aiki ya karɓa, ya kalla da iyalinsa, ya dawo da gyaran da ba a rasawa, wai an manta gwaggon amarya da ta zo daga Ngaundere, ka saka ta, ya biya cikon kuɗinsa. Ni bayan wannan ma nakan ƙara wata guda kafin in share, in rubuta ranar a jikin diskin da farin sil.